Anti Araba da Jarkokin Akpeteshi

Kafin ɗalibai su gama karyawa da dokunu, tuwon masarar nan na Gana, Anti Araba Kwansa ta riga ta buɗe ɗakin kwalabe na jami'ar nan tamu ta bakin teku a Gana. Tana bin kantoci da ɗan mazurarinta, tana leƙa halittun da ke cikin kwalaben, waɗanda jiragen bincike suka zaƙulo daga can ƙasan teku, inda rana ba ta kaiwa: tsutsotsi masu gashi, ƙaguwa fara fat, wasu ma ba ka gane kai balle gindi. Sinadarin barasa ke riƙe da su. In ya tsotse, naman ya bushe, shi ke nan, sai dai labari.

Wata shekara sinadarin ya yanke, aka yi ta jira, ruwan kwalabe yana ja baya. Anti Araba, matar da ko ɗanɗana giya ba ta taɓa yi ba, wadda ke jan mawaƙan mata a majami'a, ta ɗauki jarkoki tsakar rana ta nufi gidan Egya Bentum mai dafa akpeteshi, barasar gargajiya.

"Sau biyu za ka dafa min, ta yi ƙarfi sosai," in ji ta.

Ya ce, "Anti, ke ma kin shigo layinmu?"

"Zuba, Egya, bar surutu."

Kafin Lahadi zance ya gama gari. Dattawan majami'a suka kira ta, ta yi bayani dalla-dalla. Wani cikinsu ya ce, "'Yar'uwa, ƙaguwar ce ke shanye jarka guda?" Aka ba ta zaɓi: ta daina taka gidan nan, ko ta sauka daga jan waƙa. Ta yi kuka, don waƙar nan ita ce ranta. Da gari ya waye ta sake ɗaukar jarkoki.

Anti, ke ce uwar marasa ƙashi. Kwalba ko ɗaya ba ta bushe ba, ɗalibai kuma har yau da su suke karatu. Gurbinki na waƙa kuwa wata aka ba, bai dawo ba. Wannan yana yi mana ciwo.

A watan nan Anti Araba take ritaya. Wata malama ta tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta ce, "Ni ina da bakin kare kaina. Su na cikin kwalaben fa?"

Mun gode, Anti Araba. Duk wanda aka damƙa wa amanar abin da ba ya iya magana, ya riƙe shi irin riƙonki.