Latinanci a Kicin

Shekarar da 'yarmu ta cika goma sha biyu ba ta je makaranta ba. Kafilin mijina, Balaraben da ke tsaya mana a wurin hukuma, ya rasu, 'ya'yansa suka shiga rigimar gado, iƙamarmu, wato takardar zaman ƙasa, ta ƙare babu mai sa hannu a sabunta ta. Makaranta kuwa ba ta karɓar yaro sai da takarda mai rai. Aka ce mu jira wata biyu. Mun jira shekara ɗaya da wata bakwai.

A unguwar Nuzla ta Jidda muke zaune lokacin, hawa na biyu, ɗaki biyu da ɗan kicin. Mijina yana aiki a siton wani kantin magani a Sharafiyya, ni kuma ina ɗinki a gida. Dukanmu mutanen Nijar ne, shi Damagaram ni Maraɗi, kuma mun taɓa lakwal, wato boko, daidai gwargwado, muna da Faransancinmu. Sai muka ce mu karantar da ita da kanmu kafin takarda ta fito. Na ɗauki lissafi da Faransanci, ya ɗauki sauran.

Wata uku aka yi ana lallaɓawa. Kullum da safe tana tsaye a taga har motar 'yan makaranta ta wuce, sannan ta zo ta zauna fuska a murtuke. Wata rana ina tsakiyar bayani ta rufe littafin a hankali.

"Halas, ya isa, Mama," ta ce. A Jidda aka haife ta, Hausarta ba ta tafiya nisa ba tare da Larabci ya tallafe ta ba. "Wannan ba madrasa ba ne. Duk abin da kuke koya mini, ƙawayena sun wuce shi. Wasa muke yi."

Kwana tara ba ta buɗe littafi ba. Tana kwance, fuska a bango, abinci sai an yi da gaske. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi barazanar da ni kaina na san ba zan cika ba. Ban taɓa jin tsoro a kan yarinyar nan irin na kwanakin nan tara ba, har da lokacin da ta yi ƙyanda.

A rana ta goma ubanta ya shigo da kwali a ka. Wasu mutane ne a unguwar Safa za su bar ƙasar, ya taya su sauke kaya, suka bar masa littattafan 'ya'yansu. A can ƙasan kwalin akwai guda biyu masu kauri: ɗaya na koyon Latinanci, harshen Rumawan dā, da bayanin Faransanci, ɗaya kuma na tsofaffin rubuce-rubucen Rumawa. Ya juya su, ya sake juyawa, sai ya nufi ɗakinta.

"Tashi ki ga wani abu. Wannan harshen ko shugabar makarantarku ba ta iya shi ba, balle ƙawayenki."

Ta juyo ta dubi littafin. "Kai ka iya, ya Baba?"

"Mun yi shi a lise," in ji shi.

Ina kicin ina yanka albasa, ban daina ba. Shekara goma sha biyar ina auren mutumin nan, na san ko ƙofar lise, babbar sakandare, bai taɓa shiga ba. A aji uku na kwaleji, ƙaramar sakandare, ya tsaya. Amma yarinyar ta tashi zaune, ta kuma ci tuwo a ranar.

Ƙaryar ba ta zauna masa daidai ba, kuma dalilin ya wuce na ƙarya kawai. Mijina ɗan gidan malamai ne. A zauren mahaifinsa akwai ƙa'idar da ba a ketawa: mutum ba ya karantar da littafin da bai karanta a gaban malami ba. Ko ka haddace shi daga bango zuwa bango, in babu wanda ya zauna ya saurare ka ya ce ka wuce, ba ka da iznin buɗe shi a gaban ɗalibi. To a ina za a samo malamin Latinanci a Nuzla? Ya kwana biyu yana saƙawa yana kwancewa, sannan ya zo mini da mafitarsa.

"Ke zan riƙa biya wa," ya ce.

"Ni? Malam, ni da ban san ko ta wane gefe ake buɗe shi ba?"

"Ki riƙe littafin ki saurara. In na gama ke ma ki biya mini."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ko murmushi bai yi ba. Washegari muka fara.

Bayan sallar asuba, kafin ya fita kamun mota, sai mu shige kicin mu turo ƙofa. Shi a kan buhun shinkafa, ni a kan kujerar tsugunno. Yadda ake yi a zaure haka muka yi: ya ja jimla ɗaya ya tsaya, ni in duba Faransancin in mayar da ita Hausa, ya maimaita, sannan mu yi musanya. Har rangajin nan na masu karatu yake yi, da raɗa. Yadda ake furta kalmomin kuwa Allah kaɗai ya sani. Na ce masa kada ya damu, masu harshen duk sun mutu, babu mai kai mu ƙara. Da yamma in ya dawo sai ya wanke fuska, ya sa hula, ya karantar da abin da muka sha wahalarsa da safe kamar da shi aka haife shi.

Ba mu taɓa wuce ta da fiye da shafi biyu ba. In ta yi tambayar da ta zarce inda muka tsaya, sai ya ɗaure fuska ya ce ba a tsallake darasi, sai gobe. Ita kuma ta ce to. Yarinyar da ke musu da ni a kan gishirin miya, a nan ba ta taɓa ja ba. Lokacin da mura ta kwantar da shi mako guda, sai ya sanar cewa makon bita ne.

Bayan wata biyar muka shiga littafi na biyu, kuma a nan ne ni abin ya kama ni. Na zaci zan tarar da sarakuna da yaƙe-yaƙe, kuma akwai su. Amma akwai wani mutum da ya rubuta wa abokinsa wasiƙa yana mitar baƙon da ya ƙi tafiya, akwai maƙwabta biyu da ke rigima a kan iyakar gona, akwai tsohuwar da ke ganin yaran zamani sun lalace. Sak mutanen unguwarmu a Maraɗi. Sai in bar keken ɗinki da rana in koma in duba me ya faru da gonar. Mijina ya ce hakan cin amana ne, wai na wuce malamina.

Ita kuwa yarinyar ta daina tsayawa a taga. Saboda dole ta mayar da kowace jimla Hausa a gaban ubanta, Hausarta ta miƙe fiye da yadda faɗana na shekara goma ya iya miƙar da ita. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na san duk abin nan a kan magana ɗaya yake tsaye, cewa ubanta malami ne na gaske. Ranar da ta gano da asuba muke haɗa shi, za ta ce wannan ma wasa ne, ta koma ta juya fuska bango. Takardun da muke gwaji a kai ma yayyaga su nake yi in tura ƙasan shara.

Ana haka yayan mijina ya zo Umara daga Damagaram, ya sauka wurinmu kwana uku. Shi ne ya gaji zauren mahaifinsu, dattijo mai ƙarancin magana. Mijina ya ce a dakatar da karatu har baƙo ya tafi, ya cusa littattafan a bayan akwati.

A rana ta biyu, bayan an ci abincin rana ana shan shayi, sai ga ta da littafin a hannu. Ban san yadda ta gano maɓoyarsa ba.

"Baffa, in karanta maka?"

"Karanta, uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsu gare ta, haka yake kiranta.

Ta durƙusa a gabansa ta ja wasiƙar nan ta baƙon da ya ƙi tafiya, jimla jimla, tana fassarawa. Ni da mijina ba mu dubi juna ba. Na zaci dattijon zai tambayi me ya haɗa 'yar Musulmi da harshen Rumawa. Bai tambaya ba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi 'yar dariya a inda ya kamata, ya sa mata albarka. Ya tambaye ta wa ya karantar da ita, ta nuna ubanta. Sai ya juya ga ƙanensa ya yi tambayar da duk ɗan gidansu zai yi.

"Kai kuma a wurin wa ka karanta?"

Babu mugunta a muryarsa, so yake kawai ya sani. Amma shi ne ya je ya ɗauko mijina daga kwaleji shekarar da mahaifinsu ya kwanta ciwo, don haka maganar lise ba ta da wurin zama a ɗakin nan. Mijina ya ajiye kofin shayin, ya sake ɗauka. Na dubi yarinyar, na ce a raina shi ke nan, an gama.

"A wurin Mama," ta ce. "Kullum bayan asuba, a kicin."

Dattijon ya juyo gare ni. "Ke fa?"

"A wurin Baba," ta amsa mini. "Yana biya mata, tana biya masa."

Dattijon ya ja gemunsa. Can ya ce shi dai bai taɓa jin irin wannan silsilar ta malamai ba, amma tunda kowa ya zauna a gaban wani, ba zai ce komai ba sai ya yi tunani. Ya shanye shayinsa, ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci. Har ya koma Damagaram bai sake tayar da maganar ba.

Mijina bai bi shi ba nan take. Ya zauna yana kallon tabarma, ita kuma tana gefe tana daidaita kusurwar shafin da ta lanƙwashe.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Tun ranar farko. Gadona yana jikin bangon kicin, ya Baba. Raɗarku ta fi maganarku ƙarfi."

"Duk tambayoyin nan da kike yi, ina cewa sai gobe?"

"Na san ba ku kai wurin ba. Ina so in ji yadda za ku yi da shi da safe."

Ni ce na kasa haƙuri. Na ce wata takwas tana kallonmu muna ɓoye-ɓoye kamar ɓarayin kaji, me ya hana ta magana? Ta ɗaga kafaɗa irin ta 'yan Jidda, wadda na tsana.

"Da na faɗa, da kun daina."

Aka tayar da sallar la'asar a masallacin ƙasa, mijina ya miƙe yana neman takalminsa. Yana bakin ƙofa ta tambaye shi ko akwai karatu yau. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ce gaskiya shafin yau bai duba ba tukuna, saboda baƙo. Ta ce ba komai, ita ta duba, za ta jira shi.