Ragowar Warkin Kututture

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Birnin Kebbi, ni da wani abokin aikina mai ɗaukar hoto, sai direba. Dalilin tafiyar shi ne wani bidiyo da ɗan ƙanena ya nuna mini a wayarsa, na yadda Amurkawa suke adana kayan gwanayen wasansu na besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki. Kulkin da wane ya kafa tarihi da shi yana nan, hular wane tana nan har da shatin guminta. Na kalla cikin sha'awa, daga baya raina ya ɓaci. Na ƙare ƙuruciyata a aikin adana takardu, amma ban san ko ɗaki ɗaya a yankinmu da aka ajiye kayan wani ɗan kokawa ba. Nan na ƙudura sai na samo warkin Kututture, wato fatar da yake ɗaurawa a ƙugu in zai shiga fili. Duk wanda ya girma a ƙasar Jega ya ji labarin mutumin nan: tun daga tashensa har ya ajiye kokawa ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka shiga Jega. Muka karya da waina da soyayyen kifi, wanda tsadarsa ta sa direba ya tambayi mai kifin ko daga Makka aka kamo shi. Daga nan muka nufi unguwar Jega Magaji, gidan tsohon makaɗin da ya yi wa Kututture kiɗa. Ya karɓe mu da fara'a, amma da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya tuntsire da dariya.

"Warki kuka biɗa? Malam, ai saura kamat tahin hannu!"

Ya bayyana mana al'adar. Gwanin da ya ajiye kokawa ba a kayar da shi ba, duk matashin da ya zo neman sa'a yakan yanko masa ɗan siririn yanki daga warkinsa, ya ɗaura a damtse. Haka aka yi ta yankar wannan fata shekara da shekaru. Na ji kamar a jikina ake yankar. Makaɗin ya ce Kututture yana Danwarai ta ƙasar Aliero, wajen 'yarsa, mu hanzarta.

Hanyar Aliero ba ta da nisa, kuma hanci yakan riga ido sanin an iso, domin albasa ce ko'ina: a buhu, a tsibi, a bayan babur, a kan jaki. Danwarai kuwa mun same ta cikin hidimar kwashe albasa daga gona. 'Yar tsohon ta aiko mana da fura mai sanyi da hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, tare da labarin da ya hana ni haɗiye su da daɗi: Baba ya tafi Maiyama tun da safe, za a yi kokawa bayan la'asar, kuma ya tafi da ragowar warkin zai ɗaura wa wani matashi da zai kara da zakaran garin.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a mota ba. Muka sake ratsa Jega muka miƙa kudu, direba yana kauce wa ramuka, ni ina ƙirga su da ƙashin bayana.

Tun daga nesa muka jiyo ganguna. A gindin wata bishiya kusa da filin muka same shi zaune a kan tabarma, tsoho tukuf, amma wuyansa da kafaɗunsa har yanzu suna ba da labari. Na durƙusa na gaishe shi, na gabatar da buƙatata da kalmomin da na tsara tun a gida. Ya saurare ni har na gama, sannan ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance. Ga ta nan, baƙar fata mai sheƙi, gefenta duk sawun wuƙa.

"Baba," na ce, "wannan tarihin ƙasa ne. In ta ƙare, me za mu nuna wa jikoki?"

"In na ba ka, mi za ka yi da ita?"

"Zan sa ta a akwati mai gilashi, in kulle, babu mai taɓawa."

"Babu mai taɓawa?" Ya dubi mutanen da suka kewaye mu. "Kun ji ɗan boko! To wa za ta kayar cikin akwati? Ni na yi ma yaron ga alkawali, ga shi can shina jira."

Aka kwashe da dariya. Na ji zafi, amma ban ja da baya ba. Na ce masa duk waɗanda ya yanka wa a baya, ina nasu yankin yake yau? Wani ya ɓace a fili, wani gara ta ci. Ya yi ta juya fatar a hannunsa, har mai shela ya fara kiran 'yan wasa. Can sai ya ce a miƙo masa wuƙa. Ya yanki siririn zare ya ɗaura wa matashin a damtse, ya tofa masa addu'a. Sauran ya riƙe, bai sake ta ba tukuna.

"Zan ba ka, amma da sharaɗi. Kada ka sa mata kwaɗo. Duk ɗan kokawad da yaz zaka, ka bar shi shi ɗauka shi shafa ga damtse nai. Ka yarda?"

Abin da ya nema ya saɓa wa duk ƙa'idar aikin da na sani, domin hannu shi ne babban abokin gabar tsohon kaya. Na dubi fatar, na dubi wuƙar da ke gefensa. Na ce na yarda, a gaban shaidu.

Kokawar ta yi armashi ƙwarai. Matashin ya sha wuya, sau biyu ana cewa ya tafi, daga bisani ya sunkuci zakaran Maiyama ya shimfiɗe shi. Abokin tafiyata ya rantse ya ga na yi tsalle har hulata ta faɗi. Ban musa ba, tunda akwai hoto.

Mun iso gida lafiya, fatar tana aljihun ƙirjina. Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sakaci suke yi da kayan gwanayensu ba, suna adana su ne a jikin masu tasowa, sai dai irin wannan ajiya tana cinye abin da aka ajiye. Wanda ke son ya ceci wani abu, dole ya je da wuri, kuma ya karɓi sharaɗin masu shi. Washegari na kira kafinta na ba shi awon akwati. Da ya tambaye ni wane irin kwaɗo za a sa, na ce masa marfi kawai.