Gwaggo Ba Ta Zaɓe a Tiga

Gwaggona, yayar mahaifina, ta tsufa a Tiga tana bandar kifi, amma ba ta taɓa jefa ƙuri'a a can ba. A wani ƙauye kusa da dajin Falgore aka haife ta, can aka fara yi mata rajista kafin ta tare gidan miji, kuma duk sanda aka sabunta kati sai ta hau mota ta koma gida a yi mata. Tiga tana ƙarƙashin Bebeji, waɗanda suke haɗa ɗan majalisar tarayya ɗaya da Kiru. Falgore kuwa ta Doguwa ce, su da Tudun Wada suke tura nasu Abuja. Saboda haka ita da mijinta, wanda masunci ne, sun shafe shekaru a gida ɗaya kowa da nasa wakilin.

Yakan tsokane ta ya ce, "Ruwan Tiga kike sha, kifin Tiga kike ci, amma ƙuri'a sai dajinku."

Ita kuma ta ce, "Ku ji da naku. Nawa na san uwarsa."

Ba ta riƙe sunan jam'iyya. Wakilan da aka yi tun tasowarta da ayyukansu take tuna su: mai rijiyar burtsatse, da wanda ya zo ta'aziyyar limaminsu da kansa, da wani da take kira "wanda ya tafi ke nan". Ta ga zamanin da ake shiga layi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga mutane. Ta ce ba ta so shi ba, don kowa yana ganin inda ka tsaya, har surukinka.

Bayan rasuwar mijinta ni na gaji kai ta. Ina koyarwa a Bebeji a lokacin, ina da babur. Ranar Juma'a muke tafiya bayan an sauko daga masallaci, tunda ranar zaɓe ba a zirga-zirga. Tana zaune a baya da kwandon kifi a cinya, tana yi mini faɗa a kan kowane rami kamar ni na haƙa shi.

A ƙauyen akwai ƙawarta ta ƙuruciya, wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono, wadda mutanenta suke kiwo suna noma a gefen daji. Tare suke zuwa rumfar zaɓe koyaushe, da hantsi, suna tafe suna musu cikin Hausa da Fillanci.

A zaɓen da na fi tunawa, an zo da na'urar da ke tantance mutum da yatsa ko da fuska. Wata 'yar bautar ƙasa ce ke riƙe da ita a gindin mangwaron firamare. Ƙawar Gwaggo ta wuce nan take. Da aka zo kan Gwaggo sai na'ura ta ƙi. Wutar banda da ƙayar kifi sun share zanen yatsunta. Aka gwada na dama, aka gwada na hagu, shiru.

"Mama, bari mu gwada fuska," in ji yarinyar. "Ki ɗan ja mayafin baya."

Gwaggo ta ja, amma ranta ya riga ya ɓaci, ta haɗe gira ta tsare na'urar da ido. Na'ura ta sake ƙi. Na matso na ce, "Gwaggo, ki zauna ki huta tukuna."

"Ba inda za ni, ɗan nan. Na yi zaɓe kafin a haifi uban wanda ya ƙera wannan abin."

Sai ƙawarta ta leƙo ta kalli hoton katin, ta ce, "Yo ina za ta gane ki? A hoton nan haƙoranki a waje suke. Ko mai hoton ne ya ce yana sonki?"

Layin mata ya kwashe da dariya, Gwaggo ma ta kasa riƙewa. Yarinyar ta yi maza ta ɗauka, na'ura ta karɓa. Gwaggo ta amshi takardunta, ta shiga lungun dangwala ƙuri'a ta daɗe, ta fito tana goge tawada a gefen zani.

Ba ta gaya mini wanda ta zaɓa ba, kuma da aka faɗi sakamako a rediyo ban ga komai a fuskarta ba. Ta dai ce in kawo biro da takarda. Ta shifta mini wasiƙa zuwa ga wanda ya ci: gaisuwa, da addu'ar Allah Ya taya shi riƙo, sannan maganar rafin da ke raba ƙauyensu da ruga, wanda in damina ta yi ƙarfi masu nono ba sa iya haye shi. Ta ce in rubuta cewa ƙawarta ta tsufa, ba ta iya tuɓe takalmi ta shiga ruwa.

Na kai wasiƙar ofishin mazaɓa a Tudun Wada, wani ma'aikaci ya karɓa da mutunci. Amsa ba ta zo ba. Damina biyu bayan nan aka gina ƙaramin kwalbati a rafin. Na tambaya, wasu suka ce ƙaramar hukuma ce, wasu suka ce ɗan majalisa. Da na kai wa Gwaggo wannan bayani, ta ce ba ruwanta da masu surutu, wasiƙarta ce, kuma in shirya don akwai maganar asibiti.