Layin da ya ƙi lanƙwasa

Ku matso kusa, 'ya'yan nan, ku ba ni aron kunnuwanku.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Ruwais, mu uku: ni, da jikana mai tuƙa wa kafilinsa, wato ubangidansa, jirgin ruwa a bakin tekun Abhur, da wata maƙwabciyarmu 'yar Cadi. Mijinta masunci ne. Jirginsu ya kife, abokan aikinsa sun shaida nitsewarsa, amma gawa ba ta fito ba. Ita kuwa ta ƙi shiga takaba, kullum da kwanonsa take zuba abinci. Ta roƙa a kai ta wurin da jirgin ya kife.

A hanya muka sayi gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake. Jikana yana tsokanata, wai ni amaryarsa zan yi amai a teku. Na ce mijin da bai sai mini kifi ba, ba shi da bakin magana.

Da muka shiga jirgi muka yi nisa cikin teku, ya nuna mini allon na'urar gano kifi. Jan layi mai kauri a ƙasa, dutse ne. In ya sirance, yashi. Abin da ya lanƙwasa kamar jinjirin wata a kife, kifi ne mai wucewa. Hayaƙi-hayaƙi kuma, ƙananan kifaye.

Muna isa wurin ya kashe inji. Allon ya zama fayau, ko kifi ɗaya babu. Sai ga wani layi miƙaƙƙe ya rabu da ƙasa. Jikana ya ce, a hankali, abin da ya tsaya cak ƙarƙashin jirgi ne kaɗai ke zana layi haka. Ya matsar da jirgin, layin ya biyo mu. Yana hawowa. Muka leƙa ruwa, shuɗi ne kawai.

Matar ta dafa bakin jirgin, ta yi sallama.

"Malam, na yafe maka. Ni ma ka yafe mini. Halas, shi ke nan, ka kwanta."

Layin ya yi ƙasa sannu sannu, har ya haɗe da jan layin. Can kifaye suka dawo.

Ba wanda ya taɓa ful ɗin har muka iso gida.

Jikana ya ce wataƙila babban kifi ne, amma ya nemi kafili ya mayar da shi tuƙin mota. Matar ta kife kwanon, ta shiga takaba, da ta fita ta koma wurin danginta. Ni kuwa ga ni. Na dawo da sanin cewa na'ura tana nuna akwai abu a ƙasa, ba ta faɗin ko wane ne. Allah Ya jiƙan na cikin ruwa.