Shekarar da Muka Zaunar da 'Yan Takara a Kan Tabarma

Shekarun baya, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa suna cewa za su shirya zaɓe su koma bariki, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Talladje, nan cikin Yamai. A shekarar damina ta yi gardama. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, kuma duk gidan da ka shiga a unguwarmu sai ka tarar da baƙi daga ƙauye. Mu ma namu sun zo. Baffana, ƙanen mahaifina, ya taso daga wajen Tawa da matarsa da jikoki bayan shanunsa sun ƙare, muka share musu ɗakin da nake ajiye babur.

A lokacin na riga na rantse ba ni ba zaɓe. Ba wai ban taɓa son siyasa ba ne. Da ƙuruciya babu wanda ya fi ni zuwa miting. Akwai wani babban ɗan siyasa da na bi har muryata ta dushe, na ɗinka riga da atamfa mai hotonsa, na yi masa rawa da rana tsaka a gaban jama'a, ni da ko a bikina ban taka ba. Wata safiya na kunna rediyo na ji ya koma wajen mutanen da jiya muke zagi tare. Kafin in gama haɗiye wannan ya sake tsallakawa wata jam'iyyar.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne rabon hatsi. Aka ce ɗan siyasar nan yana rabon gero a ƙofar gidansa saboda fari, Baffa ya ɗauki buhu ya tafi tun da sassafe. Ya yini a layi, da aka zo kansa aka tambaye shi katin jam'iyya. Ya dawo da buhunsa naɗe a hammata. A bakin maƙwabci na ji labarin.

Muna da fada a ƙofar shagon wani abokina tela, inda muke shimfiɗa tabarma bayan la'asar mu dafa shayi mu gyara duniya da baki. Shi haifaffen Yamai ne, Hausarsa ta kasuwa ce, in ransa ya ɓaci sai ta koma Zabarmanci. Kullum ni ke buɗe zaman da zagin jam'iyyu, ni ke rufe shi da shi. Ran nan ya gaji, ya tsai da kekensa, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce: "Mushe, kullum kana yi wa 'ya'yan mutane jarrabawa. Waɗannan da suka dame ka, me ya hana ka kira su ka yi musu?"

Aka yi dariya, amma ni maganar ta kama ni. Na tashi tsaye ina zayyano yadda za a yi. Za mu gayyaci masu neman zama depite, wato 'yan majalisa, kowa da ranarsa. Babu makaɗa, babu atamfa, babu kyauta. Zai zauna a tabarma kamar kowa, ya sha shayinmu, ya amsa tambayoyinmu da Hausa ko Zabarmanci, ban da Faransanci. Kafin magariba har an raba aiki. Washegari na goya abokina a babur muka yi ta zagaya ofisoshin jam'iyyu, daga wajen Gaweye muka haye gada har Kirkissoye, muna isar da saƙo da baki. Wasu suka yi mana kallon mahaukata. Amma ƙuri'a suke nema, wasunsu suka ce za su zo.

Rabon da in ji zumuɗi irin na makonnin nan tun ina yaro ana jiran ganin watan sallah. Labari ya cika unguwa. Mata suka riƙa fitowa da kujerunsu suna zama a gefe, dattawa suka bar gindin bishiyarsu suka dawo wajenmu. Ni kuwa ina aji ina koyar da lissafi amma hankalina na kan tambayar da zan yi da yamma.

Na farko wani matashi ne cikin kwat, a zafin nan. Ya manta da sharaɗi ya kwararo Faransanci har shayinsa ya huce. Wani tsoho ya nemi a fassara masa abin da aka ce game da tsadar hatsi, matashin ya ce da Hausa za su duba. Tsohon ya ce ashe duk wannan doguwar magana ke nan. Na biyu ya zo da makaɗa da kwalin sukari, fada ta kusa rabewa biyu a kan a mayar ko a karɓa. Na yi jawabi mai zafi a kan mutunci, kowa ya gyaɗa kai. Sai dai shayin makon ya fi na kullum zaƙi, kuma ban tsananta bincike ba.

Sai ranar da wata mata ta zo. Kabu-kabu ya sauke ta, ita kaɗai, da jakarta a hannu. Tana cire takalmi mata suka fara guɗa, don tsohuwar ungozoma ce a gidan haihuwar unguwarmu, ta yi ritaya. Ita ta karɓi 'yata ta fari. Ta zauna ta miƙe ƙafafu ta ce gwiwa ba ta barinta tanƙwashewa, a yi mata haƙuri.

Aka tambaye ta abin da za ta yi wa waɗanda fari ya koro. Ta ce ruwan sama ba a hannun depite yake ba, kuma ba za ta yi alkawarin saukar da farashin tiyar hatsi ba don ba ta san yadda ake yi ba. Abin da ta sani shi ne yaran da ake kawowa gidan haihuwa sun rame, da uwayen da nono ya ƙafe musu, da kuma iri da ya kamata a ba mutane kafin ruwan farko ya sauka don su koma gonakinsu. A kan waɗannan za ta yi ta surutu har a gaji da ita. Na kalli Baffa, wanda bai taɓa zama a fadarmu ba sai ranar, na ga ya matso.

Amma akwai ƙashi a cikin naman. A zaɓen depite ba mutum ɗaya kake zaɓa ba, lis ɗin jam'iyya kake jefa wa, a raba kujeru daga na sama zuwa ƙasa. Kuma wanda ke saman lis ɗinta shi ne mutumin nan nawa, mai rabon gero da kati. Na miƙe na ce: "Madam, in na jefa miki, shi zai fara ci."

Ta ce: "Gaskiya ne, ɗana. Shi zai shiga kafin ni, kuma wataƙila ni ba zan shiga ba. Sun sa ni ne don doka ta ce sai da mata. Sauran jam'iyyun da na je wajensu, mata suka ce in tara musu su yi rawa. Ban da wata ƙofa sai wannan, kuma na san ba mai tsabta ba ce."

Ba ta kare shi ba, ba ta zage shi ba. Ta shanye shayinta, ta tambayi lafiyar 'yata, ta tare wani kabu-kabun ta tafi.

Kwanakin da suka rage na zama abin tausayi. In na tashi da safe na yanke zan jefa mata, kafin azahar na tuna buhun Baffa na fasa. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu, ta ce ita ba ta ga abin wahala ba, jam'iyyar da marigayi mahaifina ya bi ita za ta bi har ta tarar da shi, ni ma in ina da kunya ita zan jefa wa. Na tuna mata jam'iyyar ta rabu gida-gida tun bayan rasuwarsa. Ta ce ta san alamarta, ya isa. Na je wajen Baffa ina so ya yanke mini, tunda shi aka wulaƙanta. Ya ce katinsa na can ƙauye, wanda ba zai jefa ba kuwa ba ya saka baki.

Ranar zaɓe duk da haka shi ya riga kowa shiryawa. Ya sa babbar rigarsa guda da ya taho da ita ya ce zai raka mu ya yi kallo. Muka fito ni da shi da mahaifiyata da matata, abokina ya tare mu a hanya. Titi cike da mutane, kowa da tsabtatattun kaya, ana gaisawa da Hausa ana amsawa da fofo ta Zabarmawa. Sojoji na tsaye a ƙofar lakwal ɗinmu, babu wanda suka tsare. Buron zaɓen da sunana ya faɗa kuwa ajina ne, har rubutuna na ranar Juma'a na nan a jikin allo.

A cikin layin ne abin ya warware mini. Na tsaya ina kallon jama'a, sai na ga ai mutumin nan da ƙuri'ata da babu ita zai shiga, yana da masu jefa masa ko da zai sauya jam'iyya kullum. In na ƙi jefawa ba shi na hukunta ba. Wadda ƙuri'a guda za ta iya ɗagawa ko ta kayar ita ce ta ƙasan lis. Na damƙo hannun abokina ina yi masa bayani da sauri, har mutanen gabanmu suka juyo suna saurare. Ya ce in sake shi, shi tun ranar da ta miƙe ƙafa a tabarmarsa ya gama shawara, bai buƙaci lissafin mushe ba.

Na shiga bayan labule, a lungun da nake ajiye tsintsiyar aji. Ƙuri'ar shugaban ƙasa na ba wanda na ga ya fi dama-dama, kuma har yau ban faɗa wa kowa ba. Ta depite na daɗe ina kallon alamar jam'iyyar, na ce a raina Allah kai ne shaida ba don shi ba ne, na jefa. Aka tsoma mini yatsa a tawada. Na fito ina ɗaga shi sama kamar yaron da ya ci jarrabawa, Baffa ya kama yatsan ya duba da kyau, ya yi dariya irin wadda ban ji ya yi ba tun zuwansa.

Da sakamako ya fito, kujerun lis ɗin suka ƙare kafin a zo kanta. Mutumina ya shiga majalisa, da ƙuri'ata a cikin waɗanda suka kai shi, kuma 'yan fada ba su bar ni na manta ba. Sojoji suka cika alkawari suka miƙa mulki. Da ruwa ya sauka Baffa ya koma gida da irin da dangi muka haɗa masa.

Bayan zaɓe da 'yan kwanaki sai ga ungozomar ta sake sauka a ƙofar shago. Babu wanda ya gayyace ta. Ta ce ta zo ta yi godiya ne, ta kuma ji ko akwai sauran tambaya. Cikin duk waɗanda suka zauna a tabarmar, masu ci da masu faɗuwa, ita kaɗai ta dawo.

Har yau ban da jam'iyya, kuma ba na jin zan sake ɗinka rigar kowa. Amma tun daga shekarar ban sake fashin zaɓe ba. Na daina jiran in sami wanda zan so da dukan zuciyata, don na gane jiran ne ya zaunar da ni ina zagi alhali wasu na yanke mini hukunci. Yanzu ina duba wanda zan iya kira ya zo, ya kalle ni ya faɗa mini abin da ba zai iya ba. Wasu na cewa ƙuri'ata ta wancan karon ta tafi a banza. Ni dai in aka mayar da ni bayan labulen nan, da sanin duk abin da ya biyo baya, ita zan sake jefa wa.