Malam Inuwa Dobi da Gwangwanayen Allura (1941–1997)

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Inuwa Sanda a garin Malumfashi a shekarar 1941. Mahaifinsa, Malam Sanda, marini ne, mahaifiyarsa kuwa Rahmatu, mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Bayan karatun allo ya taɓa boko har aji huɗu, ilimin da ya ishe shi rubuta takardar ƙorafi da kyakkyawan hannu, wanda daga bisani ya hana mutane da dama sakat, ciki har da mai wannan rubutu.

Zuwa Kaduna da Aure

A shekarar 1963 ya iso Kaduna, ya sauka a Hayin Banki, ya kama wanki da guga a gidajen ma'aikatan gwamnati, inda ya samo laƙabin Dobi. Ya auri Balki, 'yar Funtuwa, a 1968. A 1981 wani asibiti mai zaman kansa a Unguwar Sarki ya ɗauke shi shugaban sashen wanki, da mutum bakwai a ƙarƙashinsa.

Al'amarin Allura

A wancan zamani, idan ma'aikaciyar jinya ta gama yi wa majinyaci allura, sai ta soke ta a gefen katifa da niyyar dawowa ta ɗauka, niyyar da ba kasafai take cika ba. Allurar sai ta bi zanen gado zuwa wurin wanki, ta jira hannun da zai murza shi. Babu wani a sashen da ba ta soka ba, maganin kuma bai wuce a tsotse yatsa a ci gaba da aiki ba.

A 1986 Bawa, mataimakinsa na shekara biyar, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ya rasu. Likita ya ce ciwon hanta ne irin wanda ake ɗauka ta jini. A makon nan Malam Inuwa ya rubuta tsari cikin Hausa, shafi biyu: a ajiye gwangwanin zuba allura kusa da kowane gado, a ba masu wanki safar hannu mai kauri, a ware zane mai jini a jiƙa shi da magani kafin a taɓa, wanda kuma allura ta soka a gwada jininsa, a yi wa sauran rigakafi.

Kwamiti

Da maganar ƙanjamau ta cika rediyo a 1987, hukumar asibitin ta kafa kwamiti, aka naɗa mai wannan rubutu sakatare, saboda shi ke da makullin keken buga takardu. Zama na farko ya tafi a kan sunan kwamitin. A na biyu aka zartar cewa tsarin da ke cikin Hausa ba zai shiga fayil ba sai an mayar da shi Turanci. Sakataren ya karɓi aikin, ya adana takardar a wuri mai tsaro ƙwarai, har shi kansa bai sake ganinta ba sai bayan wata goma sha huɗu. Kowace Litinin Malam Inuwa yakan tsaya a ƙofar ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, ita dai allurar ba ta jira a fassara ta ba."

Gwangwanaye

Da ya gaji, a 1989 ya tara gwangwanayen madarar gari guda arba'in, ya jera su a ɗakunan majinyata ba da izinin kowa ba. Cikin mako biyu suka ɓace, domin gwangwani mai murfi ba abin yarwa ba ne: masu jinya da masu shara suka juye allurorin a kwandon shara, suka wanke shi, suka tafi da shi gida zuba sukari. Ya sake tara wasu, wannan karon ya huda gindin kowanne da ƙaramar ƙusa wuri shida, ya shafe su da jan fenti. Babu wanda ya sake sha'awarsu. Daga wannan shekara sukar allura a sashen wanki ta ragu daga kusan kullum zuwa jefi-jefi. Hukuma ta ba shi takardar gargaɗi bisa laifin ƙazantar da ɗakuna.

Rashin Lafiya da Rasuwa

A 1994 aka gano shi ma yana ɗauke da ciwon da ya kashe Bawa, wataƙila tun shekarun farko. Ya yi ritaya a 1996, bayan ya damƙa wa Halima, wadda ta gaje shi, ƙusar da ragowar fentin, da wasiyyar kada ta jira kwamiti.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 13 ga Maris, 1997, a gidansa da ke Hayin Banki, aka yi masa sallah bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar unguwar. Hukumar asibitin ta amince da tsarinsa a watan Yulin shekarar, ba ta sauya ko sharaɗi ɗaya ba, sai dai sunan da ke ƙasan takardar na sakatare ne. Wannan tarihi an rubuta shi ne don gyara wannan layi guda.

Ya bar matarsa Balki da 'ya'ya huɗu: Ja'afaru, Hamisu, Dije da Aishatu. Ya kuma bar mutum shida a sashen wanki, waɗanda aka gwada jininsu a watan Agusta, biyar suka fita lafiya. Allah Ya jiƙansa.