Tukunyar Gwaggo da Ƙawancen Ƙauyuka Uku

A shekarar da rediyo ya hana kowa sakat da labarin wata ƙasa can gabas, wadda manyan ƙasashe suka haɗa kai suna barazanar kai mata hari don tana neman ƙera bom na nukiliya, mu ma a ƙauyenmu na kusa da Tama mun samu namu rikicin. Namu a tsakar gidan gwaggona yake zaune, bisa murhu.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya daɗe yana aiki wurin haƙar uraniyom, ma'adinin da ake haɗa irin bom ɗin nan da shi, can arewa, da zai dawo ya zo da wasu guntayen farin ƙarfe, ya kai wa maƙeran Madawa suka narka suka zuba masa tukunya, irin wadda yaro zai shiga ya ɓuya. Bayan rasuwarsa, da ita Gwaggo ke dafa shinkafa da wake kowace ranar kasuwar Tama. Da ita take ci, da ita take sutura. Ba ta da gona, ba ta da ɗa a ƙasar waje mai aiko mata. Gidan aurena katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka kome a kan idona aka yi.

Masifar ta waya ta shigo. Wani ya turo saƙon murya, wani mutum da ba wanda ya san shi yana rantsuwa cewa jiragen sama na yanzu hanci gare su, suna shinshino uraniyom ko an rufe shi da faifai, kuma inda duk suka ji warinsa sai su saki bom ba sallama. Maza suka saurara a gindin gawo, suka sake saurara. Wani tsoho ya ce, "To mu ina ruwanmu, mi muka da shi?" Sannan duk kawuna suka juya wajen gidan Gwaggo, inda hayaƙi ke tashi.

Ƙauyuka uku ne muke maƙwabtaka: namu, da na kan tudu, da na cikin fadama masu noman albasa. Tun ina ƙarama masu garin nan uku ba su taɓa yarda da juna a kan kome ba, ko watan salla sai kowa ya ga nasa. Amma a kan tukunyar tsohuwa marar miji, sai ga su bisa tabarma ɗaya suna kiran kansu ƙawance. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mutanen tudu, da yake su suka fi kusa da sama, suka ce a afka mata nan take a ƙwace tukunyar. Mutanen fadama suka ce a bi ta lalama, don su suka fi kowa cin shinkafar. Maigarinmu ya goyi bayan kowa. A ƙarshe aka tsaya a kan a fara aika masu bincike.

Shugabansu mai gyaran rediyo ne na kasuwa. Ya zo da ɗan akwatinsa mai allura da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ya dangwala wa tukunyar wayoyin, allura ta motsa, sauran suka ja da baya suna salati.

Gwaggo ta ce, "Taɓa ma agogon hannunka mu gani."

Ya taɓa, allura ta motsa. Ya taɓa kwanon sha, ta motsa. Ya girgiza kai ya ce wannan ya nuna abin ya riga ya yaɗu. Da yake sun zo daidai sauke tukunya, kuma ba a tayin abinci a ƙi, suka zauna suka ci har da ƙari, shi shugaban ya kankare ƙanzo. Suka koma suka shaida wa ƙawance cewa akwai haɗari babba, kuma yaji ya ɗan yi yawa.

Sai aka sa mata takunkumi. Ba ɗiban wuta a gidanta, ba aron rariya, ba mai sayar mata da itace. Ni ce nake miƙa mata ta kan katanga, mijina yana kallon gefe. Takunkumin bai yi nisa ba ɗiyar maigarin fadama ta haihu, kuma duk yankin babu tukunyar da za ta ɗauki abincin suna sai ta Gwaggo. Aka kira taron gaggawa, aka ɗage takunkumi daga hantsi zuwa la'asar saboda tausayin jinjiri. Mutanen tudu suka fusata suka ce sun fice daga ƙawance, amma sai bayan sun suɗe hannu suka faɗa, kuma kashegari suka dawo.

Aka ba ta wa'adi ta miƙa tukunya. Wa'adi ya cika, ruwa ya sauka, kowa ya tafi shuka, aka ƙara mata wani. Da ma haka aka yi ta yi har maganar ta mutu. Sai wata rana wani jirgi ya wuce can ƙololuwa yana jan farin zare a bayansa, irin wanda yake wucewa tun ba a haife ni ba. Ranar nan gari guda ya kwanta rub da ciki a gona. Da suka tashi suka kakkaɓe, haƙuri ya ƙare.

Kashegari da hantsi rundunar ƙawance ta iso: samari da sanduna, wani tsohon maharbi da bindigar da ta daɗe da manta aikinta, da amalanken jaki. Na tsaya a bakin ƙofa da taɓarya, na rantse wanda ya fara shigowa sai an kai shi asibitin Buza a kwance.

Gwaggo ta ce, "Aje taɓaryag ga, ɗiyata."

Ta riga ta wanke tukunyar da toka da yashi, tana ta ƙyalli. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ga ta nan, ku ɗauka. Amma tambaya guda gare ni. Mai tukunyag ga yay yi shekaru shina haɗiyar ƙurar wurin can, yad dawo shina tari hal da jini. Wane gari cikinku yah haɗa kai da wani don a kai shi likita?"

Suka ɗora ta bisa amalanke a sanyaye suka fita.

A nan fa aka gane ba wanda ya yi tunanin inda za a kai ta. Mutanen tudu suka ce ba a ƙasarsu ba, ai su jirgi zai fara shinshinowa. Mutanen fadama suka ce za ta ɓata musu ruwan albasa. Namu suka ce to mene ne amfanin yaƙin in a nan za ta kwana? Jaki ya wuni yana kai da kawowa tsakanin ƙauyuka uku, runduna na binsa a baya, kowa na gudun ya jera da tukunyar. Da la'asar sai ga su a ƙofar Gwaggo. Maigarinmu ya durƙusa ya ce, "Baiwar Allah, ƙawance ya yanke shawara. Ke za ki aje muna ita, tunda ke kis saba da ita."

Mata muka yi dariya har da hawaye. Na yi guɗa, na ɗauka mun ci yaƙi.

Ranar kasuwa ta zago, na taya ta kai kaya rumfarta. Ta dafa kamar kullum, ƙamshi ya cika wurin. Mutane suna wucewa suna gaishe ta da girmamawa, daga nesa, wasu na jan rawani bisa hanci. Da can jirgi suke tsoro. Yanzu sun ji zancen tari da jini daga bakinta, sun yi ta juya shi a gidajensu, sai suka koma tsoron tukunyar kanta. Har rana ta karkata ba wanda ya miƙo kwano.

Gwaggo mace ce da ba ta taɓa roƙon mai saye ba. Ranar na ji ta kira mai gyaran rediyo, ta ce ya zo ya ci kyauta. Ya ce azumi yake, ga goro cike da bakinsa.

Ta daɗe tana kallon shinkafar, cike da tukunya har baki. Sannan ta ce, "Kashe wutar, ɗiyata."

Na kashe. Ba ta ƙara zuwa kasuwa ba.